Rubutun Wasa da Kundin Waƙa: Amsa ga Mai Shirya Wasan Soyayya a Daura

Wani matashi da ke jagorantar ƙungiyar wasan kwaikwayo a Daura ya aiko mini da tambaya. Ya rubuta labarin soyayya tsakanin wani tela da 'yar wani ɗan kasuwar hatsi, wadda iyayenta suka riga suka yi wa ɗan kawunta alkawarinta, kuma wani abokinsa mawaƙi ya tsara masa waƙoƙi 12 a situdiyo. Suna son su nuna wasan a dandamali bayan Sallah, amma da suka fara gwaji sai labarin ya kama gabansa, waƙoƙin ma suka kama nasu. Yana son ya san yadda ake tsara rubutun irin wannan wasa, ko waƙoƙin a cikin littafin wasan ake zuba su ko kundinsu daban, da kuma wanda ya kamata a fara rubutawa.

Malam, na karanta saƙonka har sau biyu, na kuma saurari waƙoƙi ukun da ka haɗo da shi, kuma zan fara da abin da ba zai yi maka daɗin ji ba: matsalarka ba ta kai ga tsarin takarda ba tukuna. Waƙoƙin suna da daɗi, muryar abokin naka kuma tana da zaƙi, amma a cikin ukun babu wadda ta san cewa saurayin nan tela ne, babu kuma wadda ta san cewa an yi wa yarinyar miji. Ana iya ɗaukar kowace daga cikinsu a saka ta a kowane fim ko a kunna ta a kowane biki, ta zauna daram, kuma wannan ne ya hana ta zama a cikin wasanka.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan rami. Shekarun baya mun nuna wani wasa da na rubuta a zauren taron wata makaranta a nan Katsina, ina zaune can baya kusa da mai kula da lasifika. Muddin 'yan wasa suna magana, zauren tsit yake, har ana jin ƙarar fankar sama. Da zarar kiɗa ya tashi sai in ga kawuna sun sunkuya, mai waya ya duba wayarsa, wata uwa ta ja hannun yaronta suka fita kewaye, yarinyar da ke sayar da gyaɗa da aya a bakin ƙofa kuwa a lokacin take samun ciniki. Waƙa tana ƙarewa sai kowa ya koma kujerarsa. Masu kallo sun riga ni gane cewa babu abin da zai wuce su a cikin waƙar, domin inda ta tarar da labari nan take barinsa. Tun daga ranar nake auna kowace waƙa da ma'auni ɗaya: in cire ta, in karanta abin da ya gabace ta da abin da ya biyo bayanta. Idan labarin ya haɗu lafiya ba tare da ita ba, to ado ce kawai, kuma ko dai a sake ta ko a ajiye ta. Idan kuwa cire ta ya bar giɓi, har mai karatu ya ce, "To yaya aka yi ta amince?" ko "Yaushe ya yanke shawarar tafiya?", to wannan waƙar wasa ce ta gaske.

Turawan Amurka, waɗanda suka fi kowa shahara da wannan nau'in wasa, su ma sun daɗe kafin su kai ga wannan fahimta. A farkon ƙarni na 20 yawancin wasanninsu na waƙa labari ne sama-sama da aka rataya wa waƙoƙi da raye-raye. Wasan Show Boat na 1927 yana cikin na farko da suka ɗauki labari da muhimmanci, amma wanda aka fi ambata a matsayin mafarin sabon salo shi ne Oklahoma! na 1943, wanda Richard Rodgers ya yi wa kiɗa, Oscar Hammerstein ya rubuta labari da baitoci, aka kuma nuna shi sau 2,212 a jere a birnin New York. Maimakon a buɗe labule da tarin 'yan rawa kamar yadda aka saba, sai aka buɗe da dattijuwa ita kaɗai tana kaɗa nono, muryar saurayi tana tahowa daga bayan fage, kuma tun daga nan kowace waƙa take ɗauke da wani yanki na labarin. Ban kawo maka wannan don ka kwaikwaye su ba, domin mu ma muna da abin a gida tun kafin su. Ka tuna tatsuniyoyin da aka yi maka kana yaro: idan tsuntsu zai tona asirin wanda ya yi kisa, da waƙa yake tonawa, kuma idan marainiya ta isa bakin kogi tana neman hanya, da waƙa take roƙo, kogin ya amsa mata. Wanda ya cire waƙar ya kashe tatsuniyar. Haka wasannin tashe da yara ke yi daga goma ga watan azumi, inda magana da waƙa da amshi suke tafiya a dunƙule, ba ka iya cewa ga inda wasa ya tsaya waƙa ta fara.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce dalilin da zai sa mutum ya bar magana ya kama waƙa a gaban jama'a. A wasan soyayya na Hausa amsar tana hannunmu, ita ce kunya. Budurwar da ta tashi a gidan mutunci a Daura ba za ta dubi saurayi ta ce tana sonsa ba, ba kuma za ta buɗe baki ta ce wa mahaifinta ba ta son zaɓinsa ba. Saurayin ma idan ya zo zance ya tsaya a zaure ko a ƙofar gida, ƙanwarta ce 'yar aike, kuma rabin hirar gaisuwa ce da tambayar mutanen gida. Wasu marubuta suna ɗaukar wannan a matsayin cikas, sai su sa wa yarinya kalaman da babu 'yar Hausa da za ta furta, masu kallo su yi ta dariya a inda ake son su yi shiru. Ni kuwa ina ganin babu wata dukiya da mai wasan waƙa yake da ita da ta kai wannan. Duk abin da kunya ta hana baki faɗa, shi ne rabon waƙa. Magana ta ɗauki abin da ake iya faɗa a gaban surukai, waƙa ta ɗauki abin da ke ƙarƙashinsa, kuma tazarar da ke tsakanin biyun ita ce take riƙe mai kallo a kan kujera. Saboda haka idan kana neman wuraren waƙa a cikin labarinka, ka nemi duk inda wani ya sunkuyar da kai ya ce "ba komai" alhali akwai komai.

Game da wanda ake farawa da shi, labari ne gaba, amma ba cikakken rubutu ba. Ka fara da ƙashin bayan wasan a shafi biyu ko uku: kashi nawa, fitowa nawa, su wane ne a kowace fitowa, kuma mene ne ya canja daga farkonta zuwa ƙarshenta. Sannan ku zauna da mawaƙin ku bi wannan takarda tare, kuna yi wa wuraren waƙa alama, kuma a gaban kowace alama ka rubuta jimla ɗaya da ke faɗin aikin waƙar, misali, "A nan take gane tana sonsa, amma ta ƙi yarda." Bayan haka za ka iya rubuta fitowar gaba ɗaya da maganar baka, har da wurin da za a yi waƙar, ka miƙa wa mawaƙi ya kwashe mafi kyawun abin da ka rubuta ya mayar da shi baiti. Wannan yana da ciwo, domin jimlolin da ka fi alfahari da su za su bar hannunka su koma bakin waƙa, kuma dole ka goge su daga maganar, tun da ba a faɗin abu sau biyu. Wannan aiki da wuya ya zama na mutum ɗaya. West Side Story na 1957, wanda aka gina a kan labarin Romeo da Juliet na Shakespeare, mutum huɗu ne suka raba nauyinsa: Arthur Laurents ya rubuta labari, Leonard Bernstein ya yi kiɗa, Stephen Sondheim ya rubuta baitoci, Jerome Robbins ya tsara rawa ya kuma ba da umarni. Ku biyu ne kawai, don haka zaman da za ku yi tare ya fi nasu yawa.

Tsakanin baiti da kiɗa kuwa, shawarata ga mai rubutu da Hausa ita ce baiti ya riga kiɗa. Haka Rodgers da Hammerstein suka saba yi, kalmomi su fara zuwa sannan a yi musu karin murya, amma mu dalilinmu ya fi nasu ƙarfi, domin Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma tana bambanta dogon wasali da gajere. Kalmar "wuya" idan ta fara sama ta sauka ƙasa gaɓar jiki ce, idan ta fara ƙasa ta hau sama wahala ce. Saurayinka yana iya nufin yabon "yarinya mai wuya", wato mai dogon wuya, amma idan karin kiɗan ya ja gaɓar ƙarshe sama, abin da zauren zai ji shi ne yarinya mai wuyar sha'ani. Haka "kuka" na hawaye da "kuka" ta itace: a takarda ɗaya suke, a kunne daban, kuma "mun rabu da kuka" tana iya komawa labarin bishiya idan kiɗa ya karkatar da ita. A cikin waƙar da ake saurare a waya ana yafe irin wannan, domin mai sauraro zai maimaita ya gane. A dandamali sau ɗaya ake jin ɗango, kuma idan ya wuce ya wuce tare da yankin labarin da ke cikinsa. Abin da ake yi a situdiyo, inda mai fiyano ke fara buga kiɗa sannan mawaƙi ya cusa kalmomi a ciki, shi ne tushen yawancin waɗannan karaye-karaye. Ka sa a karanta kowane baiti da baki a hankali kamar ana magana, a saurari hawa da saukar da ke cikinsa tun asali, sannan a gina karin a kansa. Gaɓa mai nauyi ta samu doguwar murya, marar nauyi ta wuce da sauri, kamar yadda marubuta waƙa na gargajiya suke kiyayewa a karuruwan da suka aro daga arulin Larabci.

Bari in bi labarinka in nuna maka inda nake ganin waƙoƙin suke. Ta farko ta buɗe mana duniyar wasan, kuma kana da kiɗa kyauta a shagon telan, wato ƙarar keken ɗinki. A ce ana saura kwana uku Sallah, masu kaya sun cika shago kowa yana cewa an saɓa masa alkawari, su ne 'yan amshi, tela yana ba su haƙuri, har ƙanwar yarinyar ta shigo da atamfa a leda. Kafin waƙar ta ƙare mun san sana'arsa, mun san talaucinsa, mun san ana zarginsa da saɓa alkawari, kuma kalmar alkawari ta shiga kunnen mai kallo tun kafin ya san cewa a kanta wasan zai tsaya. Ta biyu ita ce wadda ɗaya daga cikin masoyan zai faɗi abin da yake buri, kuma ya kamata ta zo da wuri, domin mai kallo ba ya bin wanda bai san inda ya dosa ba.

Ta ukun ita ce na fi so ka ɓata wa lokaci. Kada ka bari su furta so a kashi na farko, domin idan sun furta wasan ya ƙare. A ba yarinyar waƙar musu, ƙawayenta suna tsokanarta tana ƙaryatawa, amma ƙaryatawar ce take tona ta. Ga irin abin da nake nufi, na tsara shi ne kawai don misali:

Ni fa ban kula da shi ba,
Ko hularsa ban gani ba,
Balle in san zanna ce,
Wadda bai saka jiya ba.

Mai kallo zai yi dariya domin ya riga ta sanin gaskiya, yarinyar kuma ba ta faɗi kalma ɗaya da za ta ji kunyarta a gaban mahaifinta ba, ko da yana zaune a sahun gaba. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin al'amari ba ne. Na taɓa ganin ɗaliba mai murya ta janye daga wasa ana saura mako guda, saboda ɗango ɗaya da ta ce ba za ta iya rera shi ba alhali yayanta yana cikin zaure, kuma da na sake karanta ɗangon sai na ga gaskiyarta.

Amfanin wannan waƙa na biyu yana zuwa a kashi na biyu. Bayan an sa rana da ɗan kawu, gwaggonta ta zaunar da ita ta tambaye ta ko akwai wani a ranta, sai ta amsa da wannan ɗango na farko, "Ni fa ban kula da shi ba", da kari ɗaya amma a hankali, babu ƙawaye, babu tafi, wataƙila da gurmi shi kaɗai. Kalmomin da suka ba da dariya ɗazu su ne za su sa zauren ya yi tsit yanzu. Maimaita waƙa a sabon yanayi irin wannan ya fi sabuwar waƙa tasiri, ya kuma fi ta arha, domin ba sai an koyi sabon kari ba.

Sauran zan bi su da sauri. Kashi na farko ya ƙare da waƙar taro a ranar da aka kawo kayan sa rana, inda gida ke guɗa, yarinya da tela kowa yana gefensa yana rera nasa a cikin kari ɗaya. Mahaifin yarinyar ya samu waƙarsa, kuma ta zama mai hujja, domin dattijon da ke tsoron karya alkawarin da ya yi wa ɗan'uwa ba azzalumi ba ne, kuma rabin masu kallonka iyaye ne da suka san nauyin zumunci. Abokin tela da ƙawar yarinya su ɗauki ban dariya, kuma al'ada ta riga ta rubuta musu fitowarsu a kamu da sayen baki, inda abokan ango da ƙawayen amarya suke ciniki da baki. Idan ka mayar da su taubasai, ka samu lasisin tsokana kyauta.

Yanzu ga batun takarda. Littafi biyu za ka yi, domin masu amfani da su daban ne. Littafin wasa na mai ba da umarni ne da 'yan wasa da mai kula da fitila da labule, kuma ya ƙunshi komai a jere: jerin 'yan wasa, kashi da fitowa, bayanin wuri da lokaci, sunan mai magana a gefen hagu, umarnin motsi a cikin baka, da kuma cikakkun baitocin kowace waƙa a daidai inda za a rera ta. Don tsarin magana kana iya duba wasannin da aka buga da Hausa, irin su Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi na 1960 da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina na 1979, sai dai su wasannin magana ne, don haka ƙarin da za ka yi naka ne. Ka matsar da baitoci ciki daga gefen shafi domin ido ya bambanta su da magana nan take, ka ba kowace waƙa lamba da suna, ka kuma ba maimaici lambar uwarsa da harafi, kamar 3 da 3b. Kiɗan da ke tafiya ƙarƙashin magana da na sauya fage su ma su samu lamba, in ba haka ba ranar wasa za ka ga makaɗi yana kallonka kana kallonsa. Abu mafi muhimmanci shi ne ka ja layi ƙarƙashin jimlar da kiɗa zai tashi a kanta. Shiga waƙa ita ce gaɓar da aka fi yin tuntuɓe, kuma hanyar da na fi amincewa da ita ita ce kiɗa ya fara a ɓoye tun ana magana, jimloli su riƙa gajarta, har ɗangon farko ya fito kamar ci gaban zancen. Idan ƙawa ta ce, "Ke dai kin ga telan nan yau", amsar yarinyar ita ce ɗangon farko na waƙar, ba tare da ta juyo ta fuskanci jama'a ta gyara tsayuwa ba.

Kundin waƙa kuwa na mawaƙa ne da 'yan amshi da makaɗa, kuma kowace waƙa ta fara a sabon shafi. A saman shafin a rubuta lambarta da sunanta, kashi da fitowar da take ciki, masu rera ta, kayan kiɗan da za su raka ta, saurinta, jimlar shiga da jimlar da za a ci gaba da magana a kanta, sannan wannan jimla ɗaya da ke faɗin aikinta. A ƙasa a ware gindin waƙa daga 'ya'yanta, a nuna abin da jagora zai faɗa da abin da 'yan amshi za su karɓa, a nuna inda za a numfasa, kuma a kalmomi masu harshen damo irin waɗanda na ambata a sa alamar karin sauti da tsawon wasali, duk da cewa rubutun yau da kullum ba ya sa su. Idan wani ɗan wasa yana magana da Dauranci ko Katsinanci, a rubuta baitinsa yadda zai furta, kada wani mai gyara ya mayar da shi daidaitacciyar Hausa ya ɓata yawan gaɓoɓi. Yawancin makaɗanmu da kunne suke aiki, ba da rubutun kiɗa na Turawa ba, saboda haka rabin kundin naka sauti ne: kowace waƙa a naɗe ta sau biyu a waya, ɗaya da murya ɗaya kiɗa zalla, a sa mata lambar da ke cikin kundin, a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Duk gyaran da aka yi a ɗaya littafin a yi shi a ɗayan a ranar, a kuma rubuta kwanan wata a bangon kowane bugu, domin babu abin da ke cinye lokacin gwaji kamar mutum biyu riƙe da baiti iri biyu kowa yana rantsuwa nasa ne daidai.

Kada ka raina amshi. Dubi yadda Mamman Shata, mutumin Musawa, ya riƙe jama'a shekaru da dama da kalangu da gajeren amshi da kowa ke iya kamawa a ji na farko, ko yadda Barmani Choge ta Funtuwa ta yi da ƙwarya da muryoyin mata. A dandamali 'yan amshi su ne gari: su ne masu kaya a shago, su ne 'yan biki, su ne masu tsegumi a bakin rijiya, kuma amshi ɗaya yana iya sauya ma'ana sau uku a cikin waƙa guda gwargwadon abin da jagora ya faɗa kafinsa. Kayan kiɗa ma suna magana kafin baki ya buɗe. Kalangu da ƙwarya na taro ne da biki, gurmi da kuntigi sun fi dacewa da mutum shi kaɗai da damuwarsa, kuma idan ka ware wa kowane masoyi abin kiɗansa, ranar da aka ji su tare mai kallo zai fahimci abin da ya faru ko ba a faɗa ba.

Sai lissafin lokaci. Waƙoƙin da ka turo kowace ta haura minti biyar, kuma 12 sau biyar awa guda ke nan cur, ba a fara magana ba. Waƙar dandamali tsakanin minti biyu zuwa uku ta wadatar, sai ta taro da ke rufe kashi wadda za a iya ƙara mata. Manyan wasannin Amurka da Ingila sukan kai awa biyu da rabi da hutu a tsakiya, amma kai lokacin sallah ne zai yanka maka wasan: ko dai ka fara bayan la'asar hutun ya faɗo a magariba, ko ka fara bayan isha'i ka sallami mutane da wuri saboda mata da yara. Minti 90 da sababbin waƙoƙi takwas da maimaici biyu ko uku ya ishe ka. Ina kuma ba ka shawara ku rera da bakinku, ko da a kan kiɗan da aka naɗa ne, maimakon mamin irin na fim, wato motsa baki a kan muryar da aka riga aka naɗa. Murya mai ɗan rawa da ke fitowa daga mutumin da ake kallo ta fi gogaggiyar muryar situdiyo shiga rai, kuma ranar da wuta ta ɗauke ko janareta ya tsaya, mai mamin baki buɗe zai tsaya, mai rerawa da makaɗi a gefensa kuwa zai ci gaba.

Akwai kuma batun haƙƙi, wanda abokai suke ƙin tayarwa sai an fara samun kuɗi. A ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a 2023, rubutun adabi da na kiɗa suna samun kariya tsawon rayuwar mai su da shekara 70 bayan rasuwarsa. Labarin naka ne, baitoci da kari na abokinka ne, sautin da aka naɗa kuma yana iya zama da hannun mai situdiyo a ciki. Ku rubuta a takarda ɗaya wane ne mai me, wa ke da ikon ba wata ƙungiya izinin nuna wasan, da kuma ko mawaƙin zai iya sakin waƙoƙin a intanet kafin ranar wasa, kowa ya sa hannu a gaban shaidu. A shafin farko na littattafan biyu a rubuta sunan kowa da aikinsa.

A cikin ukun da ka turo, ta biyu tana da kari mai kyau ƙwarai, kuma da ni ne ita zan ajiye wa wurin gwaggo da yarinya, a zubar da baitocinta a rubuta sababbi daga bakin yarinyar. Ta farko da ta ukun abokinka ya sake su a matsayin waƙoƙinsa na kansa, za su samu masu saurare. Sauran taran ka bi su da wancan ma'auni na cirewa, sannan ka turo mini ƙashin bayan wasan a shafi biyu tare da jimla ɗaya a gaban kowace alama, mu duba shi kafin ku koma situdiyo.